Neman kalma: me za mu kira tirakiyostomi da hanyoyinsa biyu?

Mai Fassara: Salamu alaikum. Ina fassara takardar da za a riƙa ba dangin majinyata, gobe da safe zan miƙa ta, amma kalmar tirakiyostomi, wato aikin buɗe kafa a maƙogwaro ta gaban wuya a sa bututun numfashi, ta gagare ni. Takardar ta ce likita kan duba tsawon zaman da bututun zai yi kafin ya zaɓi hanya. In na 'yan makonni ne, a huda a faɗaɗa. In na watanni ne ko na dindindin, a yi tiyata a ɗinke bakin da fata. Sunan aikin nake nema, da na hanyoyin biyu.

Ɗalibi: Yankan maƙogwaro?

Nas: Don Allah a'a. Wace uwa za ta ji haka ta sa hannu? Mu hujin maƙogwaro muke ce wa dangi, kuma suna ganewa.

Malamin Nahawu: Huji na kunne ne. Ga ƙa'ida: karanta ta ba mu makaranta, rina ta ba mu marina. To shaƙa ta ba mu mashaƙa, wato kafar, bututun kuma mashaƙi, kamar mabuɗi. Shekara uku ina kawo wannan.

Likita: Malam, kamar kunnen ma ya dace. Hanyar da wani likita, Ciaglia, ya fito da ita a 1985 huji ce sosai: allura tsakanin zobban guringuntsin maƙogwaro, yawanci na 2 da na 3, a zura waya, a faɗaɗa, a bakin gadon majinyaci. Takan ɗauki kwana 7 zuwa 10 kafin kafar ta kama, kuma in an cire bututun takan toshe da kanta. Ta likita Björk ta 1960 kuwa, ana ɗago ɓangaren bangon maƙogwaro a ɗinke shi da fata, don canza bututu ya yi sauƙi ga wanda zai daɗe da shi. Wannan wani lokaci sai an sake aiki kafin ta rufe. Kuma a sa a takardar cewa ba lokaci kaɗai ake dubawa ba, akwai ƙirar wuya da matsalar zubar jini.

Nas: Mashaƙi kuma, majinyaci zai ji kamar abin da zai shaƙe shi.

Malamin Nahawu: Shaƙa daban, shaƙe daban! Kuma me ya kawo tiyata cikin takardar Hausa? Muna da fiɗa.

Ɗalibi: Malam, ai likita da asibiti ma aro ne.

Malamin Nahawu: Don an ara jiya sai a yi ta ara? Ku masu farar riga kun ɗauka duk abin da ba Turanci ba ƙauyanci ne.

Likita: Ba wanda ya raina Hausa. Mu ne muke tsayawa gaban dangi da dare muna bayani, abin da ba zai firgita su ba muke nema.

Mai Fassara: Na gode, lokaci ya ƙure. Zan sa kafar numfashi ta maƙogwaro ga aikin, sai ta huji da ta ɗinki ga hanyoyin. Bututu ya zauna bututu. Malam, zan ambaci mashaƙa sau ɗaya a farko.

Malamin Nahawu: Ta huji da ta ɗinki ba laifi. Kafar numfashi ta yi tsawo, hanci ma ai kafar numfashi ne. Ban yarda ba, amma miƙa aikinki.