Shin yi wa wanda bai yarda da samuwar Allah ba addu'a cin fuska ne?

Mai Neman Sani:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Abokin aikina, wanda bai yarda da samuwar Allah ba, ya yi rashin lafiya, da na je dubiya na ce masa "Allah ya ba ka lafiya", sai ya yi shiru. Shin na ɓata masa rai ne?

Ɗalibin Ilimi:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ta fuskar Musulunci ba ka yi laifi ba, domin Annabi (SAW) ya roƙa wa ƙabilar Daus shiriya tun ba su musulunta ba. Wasu daga cikin irin waɗannan mutane suna ɗaukar addu'a a matsayin fatan alheri.

Uwar Gida:
Malam, ban ƙi maganarka ba, amma akwai bambanci tsakanin fatan lafiya da cewa "Allah ya shirye ka" a gaban mara lafiya, domin ta biyun tana iya zama masa kamar gori a lokacin da ba shi da ƙarfin musu. Idan ya nuna ba ya so, ka ce masa sannu, addu'ar kuma ka yi ta a ɓoye.

Mai Neman Sani:
Na gode, Hajiya. Zan tambaye shi idan ya warware.