Hular kwano ta gwanjo a ƙwallon Amurka: tana kare ƙwaƙwalwa?

Ɗan Nima: Salamu alaikum. Yaranmu a Accra sun samu hulunan gwanjo. Za su hana girgizar ƙwaƙwalwa?

Kocin Zango: Wa alaikumus salam, Malam. Hular kwano fashewar ƙoƙon kai take hanawa, amma ƙwaƙwalwa tana jijjiga a ciki. Duba shekarar ƙira: in ta kai 10, jefar da ita. Soson ciki kan taurare, zafinmu kuma na tsofar da shi. Gabanta ya zauna santimita 2.5 saman gira, igiyar haɓa a ɗaure wuri 4. In ka juya ta fatar goshi ba ta bi ba, ta yi yawa.

Hajiya Likita: NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, ta wajabta wa wasu 'yan wasa Guardian Cap, murfi mai laushi da ake ɗorawa kan hular kwano, a atisaye tun 2022, yana rage ƙarfin karo kaɗan. Ɗana, yaron da ya ji jiri a fitar da shi daga wasa ranar, don Allah.