Nasiru na kan inji: yana raye ne, ko lokaci ake ja?

Hajiya Memuna: Salamu alaikum jama'ar Aboabo ta Kumasi. Ku sa Nasiru a addu'a. Mura ce ta kama shi a Jamus makon jiya, ranar Talata numfashi ya gagara, ya yanke jiki ya faɗi a wurin aiki. Likitoci sun ce tsokar zuciyarsa ce ta kumbura, sun ɗora shi a kan wani inji wai shi ECMO. Yau kwana 4.

Alhaji Sani: Allah ya kawo sauƙi, Hajiya. Amma gaskiya ɗaci gare ta. Mutumin da inji ke yi masa aikin zuciya da na huhu gaba ɗaya, me ya rage masa? Ni a ganina wanda ya kai nan ya riga ya tafi, jan rai kawai ake yi wa iyayensa.

Rabi: Kawu, a yi mini afuwa, ban yarda ba. Shekarata 11 ina aikin jinya. Wannan ciwon ƙwayar cuta ce ta bairos ke yawan kawo shi, irin su Coxsackie ko ta mura ko korona. Tsokar zuciya ta kumbura, ta kasa harba jini. To kumburi yana saɓewa. Matsalar ita ce kafin ya saɓe ƙoda da ƙwaƙwalwa sun rasa jini. Injin yana zuƙo jini daga babbar jijiyar cinya, ya sa masa iskar oksijin, ya mayar da shi jiki, zuciya ta samu ta huta kwanaki, wani lokaci mako ɗaya ko biyu.

Alhaji Sani: 'Yata, na ga maƙwabcina a kan inji, bai tashi ba.

Rabi: Allah ya jiƙansa, Kawu. Shi injin numfashi aka sa masa bayan shanyewar ɓarin jiki, ƙwaƙwalwarsa ce ta taɓu. Ba ɗaya ba ne. A irin ciwon Nasiru, cikin waɗanda aka ɗora wa ECMO kusan biyu cikin uku suna fita asibiti da ransu, da yawa kuma zuciyarsu na farfaɗowa ba tare da an dasa musu wata zuciyar ba. Ba sabon abu ba ne ma: tun 1975 Dokta Robert Bartlett ya ceci wata jaririya da shi a Amurka.

Bashiru: Ina wurinsa yanzu haka. Bututu biyu ne a cinyarsa, kaurin babban yatsa. Jinin da ke fita baƙi-baƙi ne, wanda ke komawa ja wur. Ranar farko na kama wuyan hannunsa ban ji bugu ba, jikina ya yi sanyi, amma hannun da ɗumi. Nas ta ce injin a miƙe yake tura jini, ba ya bugawa. Jiya da suka rage masa maganin barci na kira sunansa, ya matse mini yatsa. Alhaji, da idona na gani.

Malam Awudu: Alhamdu lillahi. Mutuwa fitar rai ce, Alhaji, kuma wanda ya ji kiran sunansa ya amsa ransa na nan. Neman magani ba jayayya da ƙaddara ba ne. Kada mu yi wa mai rai ta'aziyya.

Alhaji Sani: Na ji, Malam. To ɗayan cikin ukun nan fa? Rabi ta wuce shi da sauri.

Rabi: Ba zan ɓoye shi ba, yana tsaya mini a rai. Ana ba su maganin tsinka jini, heparin, don kada jini ya daskare a bututu, shi ya sa zubar jini ke da haɗari, har a ƙwaƙwalwa. Bututun cinya na iya tare jinin ƙafa, akwai wanda ya tsira ya rasa ƙafar. Wani kuma zuciyar ba ta dawowa, sai an nemi dashe. Gwaggo, ba na ce miki an gama ba. Na ce yana raye, kuma yana da dama babba.

Alhaji Sani: Shi ya dace yana Turai. Da a Asawase nan Kumasi ya faɗi, wa zai ba shi wannan injin, da wane kuɗi?

Rabi: Nan kam ina tare da kai. Injin na son ƙwararru a kansa dare da rana, ko a can ba kowane asibiti ke da shi ba. Abin da ke hannunmu shi ne sauri. Saurayi ya yi mura, bayan kwanaki ya ce ƙirjinsa na ciwo, ko ya kasa hawa bene, ko ba ya iya kwanciya rigingine, kada a ce zazzaɓin sauro ne a saya masa ƙwaya a kemis. A kai shi asibitin Komfo Anokye a yi masa gwajin bugun zuciya na ECG da na jini mai suna troponin da hoton zuciya. A asibitin Korle Bu da ke Accra ma akwai cibiyar zuciya ta ƙasa da Farfesa Frimpong-Boateng ya kafa. Wanda ya warke kuma ya ajiye ƙwallo wata 3 zuwa 6.

Hajiya Memuna: Bashiru, don Allah ka taɓa mini ƙafarsa ta dama ka gaya mini ko da ɗumi. Malam, bayan la'asar za mu taru a gida, ka zo da almajiranka.

Alhaji Sani: Zan zo ni ma, Hajiya.