Biyan kuɗi a kan kowane rubutu: yana raya dandali ko kashe shi yake?

Ɗan Zaure:
Assalamu alaikum. Jama'a, ina neman haske. Idan dandalin tattaunawa ya yi sanyi, mai shi ya ce zai riƙa biyan naira 100 a kan kowane rubutu don mutane su motsa, me ke biyo baya? Akwai inda aka gwada aka ci riba?

Baban Kwamfuta:
Wa'alaikumus salam. An gwada, Malam, kuma abin da kake ƙirgawa shi za a tara maka. Dubi Bitcointalk, wani dandalin tattaunawa kan kuɗin intanet na Bitcoin. Can kamfanoni ke biyan mutum ya liƙa tallarsu a ƙasan rubutunsa, ana biyansa gwargwadon yawan abin da ya rubuta a mako, mai babban matsayi kuma ya fi samu. Sai ka ga mutum ɗaya da asusu goma, ya shiga zancen da ya kai shafi ɗari ya maimaita abin da aka faɗa tun a shafi na biyu. In an ce sai rubutu ya kai haruffa kaza, a ja maganar kamar danƙo har ta kai.

A Janairun 2018 suka kawo makin yabo da suke kira Merit. Yawan rubutu kaɗai ya daina ɗaga mutum, sai wasu sun karanta sun ba shi maki: 10 kafin ya kai matsayin mamba, 100 ya zama cikakken mamba, sannan 250, 500, har 1,000 a ƙoli. Kuma rabin makin da ka samu ne kawai kake iya ba wani. Abin ya rage tarkace sosai, duk da an samu masu cinikin makin a ɓoye.

Hajiya Mai Lissafi:
Ƙari a kan na Baba. Quora, dandalin tambaya da amsa, ta yi nata kuskuren ta wata fuska. A 2018 ta fara biyan masu yin tambaya daga kuɗin tallar da shafin tambayar ya jawo, masu ba da amsa kuwa ko sisi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Mutum sai ya ɗauki tambaya ɗaya ya riƙa canza sunan gari ko na ƙasa, ya zuba ɗaruruwa. A 2022 aka rufe shirin na Turanci.

Steemit kuma, dandalin rubutu mai biya da kuɗin intanet da ta fara a 2016, ƙuri'a ce ke raba kuɗin bayan kwana bakwai, kuma nauyin ƙuri'arka daidai yake da jarin da ka ajiye. Nan take sayar da ƙuri'a ta zama sana'a. A Agustan 2019 suka mayar da rabon rabi da rabi tsakanin marubuci da masu tantancewa, wato masu jefa wa rubutun ƙuri'a, don karatu ma ya zama yana da lada.

Gwanin Saiti:
Ni ban ce a bar biya gaba ɗaya ba, Hajiya. Medium ma, dandalin wallafa maƙala, tana biya, sai dai a 2019 ta bar ƙirga tafi, wato alamar yabo da masu karatu ke dannawa, ta koma lissafin lokacin da masu biyan kuɗin rajista suka ɓata suna karatu. Yaudarar wannan ta fi wuya.

Ɗan Zaure, naira 100 ɗin nan kada ta bi kan rubutu. Ware kuɗin wata guda, misali dubu ashirin, a raba wa amsoshi biyar da alƙalai uku suka zaɓa, kuma alƙali ba ya shiga gasa. Sabon asusu ya yi wata ɗaya kafin ya cancanta. A jinkirta biya mako biyu, saboda a nan ne satar rubutu da wanda ƙirƙirarriyar basira ta haɗa ke tonuwa. Asusun banki ɗaya, mutum ɗaya. Ta nan ake kama mai sunaye goma, ba ta lambar waya ba, tunda layi ba wuyar samu.

Ɗan Zaure:
Na gode ƙwarai. To in kuɗin ya ƙare fa?

Baban Kwamfuta:
Waɗanda kuɗi ya kawo za su watse a makon. Abin tsoron shi ne tsofaffin da ke rubutu kyauta, domin da yawansu sun riga sun yi shiru tun lokacin da amsarsu ta nutse cikin "gaskiya ne" guda hamsin. Shi ya sa tun ranar farko a sanar cewa shirin na wata uku ne.