Ɗalibina ɗan shekara 15 ya kasa karatu, ta ina zan fara?

Malamin ƙaramar sakandare, yankin Gumel:
Assalamu alaikum. Ina da yaro a aji biyu, shekararsa 15, har yau da ƙyar yake haɗa baƙi da wasali. b, d, ɓ da ɗ duk ɗaya suke a idonsa. In na ce ya tashi ya karanta allo, sai ya sunkuyar da kai, gumi na tsatstsafo masa, 'yan aji na ce masa daƙiƙi. Amma ranar Alhamis na gan shi a kasuwar Maigatari yana taya babansa cinikin awaki. Kafin dillali ya gama latsa waya, yaron ya faɗi kuɗin da ka. Tun ranar hankalina bai kwanta ba, don ni ma na sha dukansa. Baban ya ce bayan girbi zai cire shi.

Malama daga Ringim:
Wa alaikumus salam, Malam. Wannan ya yi kama da abin da ake kira disleksiya, wahalar gane rubutu, kuma ba ta da alaƙa da ƙarancin basira. Amma a fara duba idonsa da kunnensa a asibiti. Sannan ka daina tsayar da shi gaban aji. Ba shi kalma 5 kacal bayan an tashi, ya rubuta su a ƙasa da yatsa yana furtawa. Da ya samu ɗaya, yaba masa nan take, ka kuma faɗi abin da ya yi daidai: "Yau ka raba b da d." Wannan ya fi "ka yi ƙoƙari" shiga zuciya.

Wani uba, Kazaure:
Ƙanina haka yake. Saurayi ba ya son a tafa masa kamar ɗan firamare, kunya yake ji. Yabon ya zama tsakaninku. Kyautar biro ko littafi tana taimakawa da farko, amma a riƙa janyewa a hankali, kar ya saba sai da ita.

Malamin ƙaramar sakandare:
Allah Ya saka da alheri. Jiya na ba shi lissafin kuɗin alli da tsintsiya na aji, na ce shi ne ma'aji. Yau tun kafin a kaɗa ƙararrawa ya iso, da takardarsa a ninke cikin aljihu. Juma'a bayan masallaci zan je wajen baban, in gaya masa abin da na gani a Maigatari.