Ɗan ƙasa ko mazauni? Neman kalmar "resident"

Mai tambaya: Salamu alaikum malamai. Ina fassara wani rubutu kan Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, sai na ci karo da jimlar da ke cewa kusan kashi 90 cikin 100 na "residents" ɗin ƙasar ba "citizens" ba ne. Hannuna ya riga tunanina, na sa "'yan ƙasa" a wuraren biyu. Da na sake karantawa sai na ga na rubuta cewa yawancin 'yan ƙasar ba 'yan ƙasar ba ne. A taimaka mini da kalma.

Tsohon ɗan jarida: Wa alaikumus salam. Ai ba ta ɓata ba: mazauni, jam'i mazauna. Ɗan ƙasa shi ne wanda doka ta ɗaura shi da ƙasar, yana da fasfo ɗinta ko da bai taɓa kwana a cikinta ba. Mazauni kuwa zama ne hujjarsa. Sai ka ce: yawancin mazauna ƙasar ba 'yan ƙasa ba ne. Ka dai kula da jam'in, mazauna ne, ba mazaunai ba, kada ka sa masu karatu dariya.

Malamar Hausa: Ranka ya daɗe, na yarda, amma da saura. Mun ɗora wa "ɗan ƙasa" kaya fiye da ƙarfinsa. Da shi muke kiran wanda aka haifa a Amurka, wanda gyaran tsarin mulki na 14 ya ba shi wannan matsayi tun 1868. Da shi kuma wasu ke kiran Maori na Niyu Zilan da Aborijin na Ostareliya, alhali abin da ake nufi a nan shi ne kakanninsu aka tarar a wurin. Waɗannan 'yan asali ne. Wanda kuwa nan aka binne cibiyarsa kawai, haifaffen wurin ne, ko da iyayensa daga wata uwa duniya suka zo. Kalmomi uku ke nan, kowace da aikinta.

Mai tambaya: Na gode Malama. To wanda aka ba shi takardar zama ba iyaka fa, irin mai katin nan na Amurka da ake kira "green card"? Yana aiki, yana biyan haraji, amma ba ya zaɓen shugaban ƙasa. Mazaunin dindindin?

Malamar Hausa: A nan nake tsayawa. A baki ba matsala, karin sauti ne ke raba mazauni mutum da mazauni wuri. A rubuce kuwa kamarsu ɗaya. Ka rubuta "mazaunin dindindin" mutane su ɗauka jami'a ce ta tare a sabon gininta. Ni da za a bi ta tawa, a ce zaunannen baƙo. Baƙo ne a idon doka, amma ya zauna.

Wani ɗalibi: Malama, a gafarce ni, ba ta kwanta mini ba. Baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Mutum ya shekara 30 a wuri, ya haifi 'ya'ya, har ya aurar, a ce masa raɓa? Wanda ake kira baƙo ana jiran ranar da zai naɗe tabarmarsa ne. Me zai hana a ce ɗan kaka-gida?

Tsohon ɗan jarida: Yaro, kaka-gida tana da ƙaiƙayi. Idan aka ce wani ya yi kaka-gida, ba yabo ake yi ba, ana nufin ya zo ya kankane wuri. 'Yar'uwarta ita ce kama-wuri-zauna, wadda gidajen rediyo suka saba liƙa wa Yahudawan da suka gina matsugunai a Gaɓar Yamma da Kogin Jordan bayan yaƙin Larabawa da Isra'ila na 1967. Ka sa wa likitan da ke zaune a Landan da takardunsa cif wannan suna, ka zage shi ba ka sani ba. Haka ɗan ci-rani ba ta yi ba, don shi zuciyarsa na gida. Ɗan gudun hijira kuma ba da son ransa ya fito ba.

Malamar Hausa: Ɗalibin nan ya kama ni, na janye baƙo. Amma ban saki zaunanne ba. Idan muka ce zaunanniyar magana, ai wadda ta tabbata muke nufi. A takardar hukuma a rubuta ta a buɗe: mai izinin zama na dindindin. A kanun labarai, inda wuri ke da tsada, zaunanne, zaunanniya, zaunannu.

Mai tambaya: To na sa mazauna a jimlar farko. A sakin layi na uku, inda aka yi maganar masu katin Amurka, na rubuta "masu izinin zama na dindindin" sau ɗaya, daga nan na ci gaba da zaunannu. Na karanta wa wani da bai ga Turancin ba, bai tsayar da ni ko sau ɗaya ba.