Kyamarata ta ƙi kawo wuta kwata-kwata, ga biki ranar Asabar

Mai_Hoto_Ringim:

Assalamu alaikum jama'a, dan Allah masu sani ku agaza min. Ina da Canon 600D, da ita nake ɗaukar hoton biki da suna da saukar karatu a ƙauyukan nan namu na wajen Ringim, ta hannu na saye ta amma tunda ta zo wajena lafiya lau take aiki. Da damina ta kankama sai na sa ta a akwati saboda aikin gona, to yanzu kaka ta yi bukukuwa sun taso na ɗauko ta, na murza makunni ko ƙyaftawa ba ta yi ba, allo baƙi ƙirin, ko ɗan jan fitilar nan babu. Cajar ta ta asali ƙanena ya ara ya tafi da ita Haɗejia har yau shiru, shi ne na kai batirin wajen mai cajin waya a bakin kasuwa ya maƙala shi a irin cajar nan mai ƙarafa biyu da ake cajin batirin waya, ya kwana a kai yace ya cika, na dawo na saka wlh duk ɗaya. Akwai wani yaro mai gyaran waya yace in kawo ya buɗe ta ya duba fanel, in ba shi ne ko kar in ba shi? An riga an ba ni kafin alƙalami na bikin Asabar kuma na taɓa kuɗin.

Baba_Injiniya_Wudil:

Wa alaikumus salam. Yaro kar ka ba kowa ya kwance maka ita tukuna, ni daga bayaninka ban ga alamar kyamara ta mutu ba, batirinka ne ba a yi masa caji ba. Juya bayansa ka karanta, LP-E8 ne, an rubuta 7.2V. Ƙwayar batir biyu ce a ciki aka jera, idan ya cika taf yana kai wajen bolt 8.4. Ita kuwa waccan cajar mai ƙarafa biyu don batirin waya aka yi ta mai ƙwaya ɗaya, iyakarta 4.2, to ka ga ko wata guda ya yi a kanta babu abin da zai shiga, fitilarta ma tana iya nuna kore mai shago ya ce maka ya cika, shi ma ba ƙarya ya yi da gangan ba abin da ya gani ya faɗa.

Sannan ka ajiye ta duk tsawon damina da batir a ciki ko? kyamara ko a kashe take tana ɗan tsotsar wuta kaɗan-kaɗan, shi ma batirin lithiyom yana zubar da caji da kansa musamman a ɗaki mai zafi irin namu na kwano, idan ya sauka ƙasa sosai akwai ɗan abin kariya a cikinsa da yake datse wutar gaba ɗaya, wani in ya hau cajar kirki ya farfaɗo wani kuma shi ke nan ya tafi.

Ka je wajen shi yaron mai gyaran waya, amma batirin kaɗai za ka kai masa, ya ɗora mita a kan + da - ya faɗa maka lamba. In ka ga 7 da wani abu zuwa 8 batir na da rai sai mu nemi matsala wani wuri, in ƙasa da 6 ne ko sifili to ga ɓarawonka nan. Ka kuma ɗora shi kan tebur ka gani ko ya kumbura yana lilo, in ya kumbura kar ka ƙara saka shi a komai, kar kuma a jefa shi a wuta ko yara su yi wasa da shi.

Ɗan_Gujungu:

Malam sanyin damina ne ya shige ta kawai, ka binne ta cikin buhun shinkafa ko ka shanya ta a rana ta sha zafi, ni haka na yi wa wayata da ta faɗa rijiya

Maman_Ikram_Dutse:

Haba Ɗan Gujungu, yanzu kyamarar mutum za a tura cikin shinkafa, garin shinkafa ya cika madubi da sensa ya ƙara wata matsalar kan wadda ake ciki? Rana kuma ta lalata robar jiki da batir. In ma ana zargin danshi a cire batir da memori da lens a bar ƙofofin a buɗe a inuwa inda iska ke kaɗawa, a juya bakinta ƙasa saboda ƙura, daga baya a riƙa ajiye ta da ƙananan ƙullin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi.

Ɗan uwa ni abin da zan ƙara kan na Baba, ka duba ƙofar memori da ƙofar batir. Kowacce akwai ɗan mitsitsin makunni a wajen, idan ƙofar ba ta danna shi ba kyamara ɗauka take a buɗe take kuma ba za ta tashi ba ko da sabon batir ne dal. Ni 700D nake riƙewa, batirinmu ɗaya da kai, akwai lokacin hunturu da ƙura ta cushe min wajen na zauna ina ta salati a gidan biki mata sun gama kwalliya suna jira, ashe hurawa kawai take so. Ka haska fitilar waya ka duba ko ɗan haƙorin robar da ke jikin ƙofar ya karye, ka share wajen da busasshen burushi mai laushi. Ka cire memori ka cire lens ka gwada kunna ta haka tsirara, don memori da ya lalace ko lens mai matsala suna iya riƙe ta. Ƙarafan da batir ke taɓawa kuma ka goge su da auduga mai tsinke da ɗan sifirit kaɗan, in ka ga kore-kore ko fari-fari a jiki to danshi ya taɓa wajen. Alamar da nake dubawa ita ce in na saka batir mai caji na rufe ƙofa jan fitilar nan takan ɗan ƙyafta, in ta ƙyafta wuta na shiga.

Baba_Injiniya_Wudil:

Hajiya ta faɗi gaskiya. Kuma dalilin da ya sa nake hana buɗewa, akwai kafasita ta filasha a ciki da take riƙe wajen bolt 300 ko an cire batir, wanda bai saba ba ya kai sukundireba wajen ta make shi ya kuma ƙona fanel ɗin da yake lafiya. Gyaran waya daban na kyamara daban, wayoyin ciki sirara ne kamar takarda da an ja sun yage. In duk an gwada na sama ta ƙi, lokacin ne za a yi zancen fiyus ko fanel ɗin wuta, wannan kuma sai ka shiga Kano ka nemi wanda kyamara ce sana'arsa, ka tambayi masu situdiyo su nuna maka inda suke kai nasu.

Mai_Hoto_Ringim:

Baba Allah ya ƙara girma, Hajiya Allah ya raya Ikram. Na kai batirin an auna mita ta nuna sifili, bai dai kumbura ba. Na hau mashin na je wajen wani abokin sana'a a Taura mai 550D, muka saka batirinsa muka rufe ƙofa sai ga jan fitila, na murza ta tashi har da hotunan sunan da na ɗauka kafin damina, kwanan wata kawai ta nema in sake saitawa. Mun ɗora nawa a cajarsa fitila sai ƙyafta ruwan lemo take ta ƙi tsayawa, yace in bar shi ya gani zuwa gobe. Zai ara min nasa na Asabar tunda shi ba shi da aiki ranar. Yanzu tambayata in zan sayi sabo ya zan gane na kirki, don na ji ana cewa jabu sun yi yawa, kuma mu nan sola muke caji da ita.

Maman_Ikram_Dutse:

Alhamdulillah. Ka tafi da kyamarar kasuwa a gwada a gabanka, na asali 1120mAh aka rubuta a jikinsa, duk wanda ka ga an zabga masa lamba mai yawa kuma ba shi da nauyi a hannu ka ajiye musu kayansu. Cajarsa ta asali LC-E8E ce, wajen awa 2 take cika shi fitila ta koma kore, tunda sola gare ku akwai masu shiga USB da ake yi musamman don LP-E8, ka tabbata an rubuta 8.4V a wajen fitar wuta. Shi kuma ƙanen naka a kira shi ya ba direban motar Haɗejia ya sauke maka cajarka a Ringim kafin Asabar.